Gidan Musar na Labanan: Kwalbar da ta Raba Kan Masana

Mai karatu, yau zan ɗan kauce daga hanyar da muka saba bi, in kai ka wani gari da ke bisa dutse a ƙasar Labanan, sunansa Gazir, inda wasu iyali suke matsar inabi suna yin giya tun shekarar 1930. Na san da jin kalmar giya wani zai ja tsaki ya ce me kuma ya kai mu nan. To, hukuncinta a addinin mafi yawanmu sananne ne, ba ni da abin ƙarawa a kai. Ni kaina ba na sha, don haka duk abin da zan faɗa game da ɗanɗano daga rubuce-rubucen masu sana'ar na tsinto shi. Abin da ya ja hankalina tarihi ne, da kuma wata gardama da aka shafe shekaru fiye da arba'in ana yi ba a gama ba.

Ga gardamar. A cikin mutanen da sana'arsu ita ce ɗanɗana giya, wato su shaƙa, su kurɓa, su tofar, sannan su rubuta abin da suka ji, da wuya ka sami kwalbar da ta raba kawuna kamar ta gidan Chateau Musar. Sai a zuba wa mutum biyu daga kwalba ɗaya, na farko ya ce wannan ta lalace, a mayar wa mai ita, na biyu ya ce tana cikin manyan giyoyin duniya. Kuma dukkansu abu ɗaya hancinsu ya jiyo. A kan sunan da za a sa wa abin ne kawai suka saɓa. Yadda aka yi wannan ƙaramin gida ya kai ga irin wannan ɗanɗano, da yadda duniya ta san da zamansa, shi nake so mu bi daki-daki.

Inabi ba baƙo ba ne a wannan yanki. Finikiyawa, mutanen garuruwan Sur da Saida da Jubail, sun yi ta lodin tulunan giya a jiragen ruwa suna kaiwa gaɓoɓin Bahar Rum tun kafin Rumawa su yi ƙarfi. A shekarar 2020 masu tonon kayan tarihi suka ba da rahoton gano wata tsohuwar matsar inabi a Tell el-Burak, kudu da Saida, wadda aka gina a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Ba'albak kuwa har yau ga ɗakin bautar Rumawa nan tsaye, wanda ake dangantawa da Bakus, gunkinsu na giya, an sassaƙa rassan inabi a jikin ƙofarsa. Zamanin Daular Usmaniyya sana'ar ta koma hannun Kiristoci da gidajen ibadarsu, kuma yawancin inabin ana cinsa ne ɗanye, ko a shanya shi ya zama zabibi, ko a dafa ruwansa ya yi kauri kamar zuma, ko a yi arak da shi, wata barasa mai ƙarfi da ake sa wa ƙamshin yansun. Giya irin ta zamani ta faro ne a 1857, lokacin da limaman ɗarikar Jesuit suka kafa gonar Ksara kusa da Zahle, suka shigo da dashen inabi daga Aljeriya. Da Faransa ta karɓi riƙon ƙasar a 1920, sojoji da ma'aikatanta suka cika Bairut, kuma Bafaranshe ba ya zama cin abinci babu kwalba a gabansa. Kasuwa ta buɗe ke nan.

A wannan yanayi ne wani saurayi ɗan shekara ashirin, Gaston Hochar (ana furta sunan Hoshar), ya dawo daga yawo a yankin Bordeaux na Faransa ya ce shi ma giya zai yi. Ya kafa matsarsa a wani tsohon gidan sarauta na ƙarni na 18 a Gazir, kimanin kilomita 25 arewa da Bairut, inda in ka tsaya kana hangen teku a ƙasa. Sunan wurin Mzar, daga kalmar Larabci mazar, wato wurin da ake kai ziyara. Asalinsu ɗaya da kalmarmu ta ziyara. Daga nan aka sami Musar. Hafsoshin Faransa su ne masu sayensa na farko. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka turo wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ronald Barton, aiki a Labanan, wanda a gida shi ne mai gonakin Langoa-Barton da Leoville-Barton a Bordeaux. Suka ƙulla abota da Gaston, kuma ta nan salon Bordeaux ya ƙara shiga gidan.

Amma akwai wani abu da Gaston ya yi wanda, a ganina, shi ne mabuɗin labarin nan gaba ɗaya, ko da yake a lokacin babu wanda zai ce wani abu ne. Matsar tana Gazir, gefen teku, gonakin inabin kuwa suna kwarin Bika'a, can bayan Dutsen Labanan, wajen ƙauyukan Ana da Kefraya. Tsakaninsu tafiyar kimanin kilomita 70 ce, a hau dutse a gangara. A ko'ina a duniya mai giya yana so matsarsa ta kasance a bakin gona, domin inabi da zarar an tsinke shi ya fara mutuwa. Gidan Musar kuwa duk kaka sai an yi lodin inabi a manyan motoci an haye dutse da shi. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dalilin zaɓen Bika'a a fili yake. Kwarin yana da tsayin kimanin mita 1,000 daga saman teku. Da hunturu dusar ƙanƙara take rufe duwatsun da ke gefensa biyu, da bazara kuwa sai a yi watanni babu ɗigon ruwan sama, rana ta ƙwalle da yini, dare ya yi sanyi. Rana tana cika inabi da zaƙi, sanyin dare yana hana tsaminsa gudu, rashin ruwa kuma yana hana funfuna da cututtukan da ke addabar manoman Turai. Ƙasar tsakuwa ce a kan farin dutse. Manomi a nan ba ya bukatar yawan feshi, shi ya sa lokacin da gidan ya karɓi takardar shaidar noma ba tare da maganin feshi da takin zamani ba a 2006, na farko a Labanan, kusan abin da suka saba yi ne aka sa wa hatimi.

Mutumin da ya ba giyar halinta shi ne Serge, babban ɗan Gaston, wanda aka haifa a 1939. Injiniyan gine-gine ya karanta, amma a 1959, bai wuce shekara ashirin ba, ya karɓi ragamar matsar daga hannun mahaifinsa. Ƙanensa Ronald ya riƙe ɓangaren kuɗi da kasuwanci daga 1962. Serge ya tafi Jami'ar Bordeaux ya yi karatun kimiyyar giya a wurin Emile Peynaud, kuma nan akwai abin lura. Peynaud shi ne malamin da ake kira uban giyar zamani. Abin da ya yi ta karantarwa duk tsawon rayuwarsa shi ne tsafta da kulawa: a zubar da ruɓaɓɓen inabi, a wanke ganguna, a lura da zafin tukunya, kada a bar komai ga sa'a. Sai ga ɗalibinsa ya dawo gida ya ɗauki rabin karatun ya ajiye rabi. Ya yarda da zaɓen inabi mai kyau, amma ya ƙi yarda a riƙa sa wa giya hannu fiye da kima. Shekara goma sha takwas ya yi yana gwaji, sai a 1977 ya tsaya a kan tsarin da gidan ke bi.

Tsarin kuwa ga shi. Jar giyar, wadda ita ce uwar gidan, daga irin inabi uku ake haɗa ta, kusan kashi ɗaya-ɗaya cikin uku: Cabernet Sauvignon, da Cinsault, da Carignan. Na farkon shi ne basaraken Bordeaux, ƙananan 'ya'ya gare shi masu kaurin ɓawo, shi ke ba giya bauri da ƙarfin jure shekaru. Wannan bauri daga wani sinadari yake da ake kira tanin, kuma ba baƙonmu ba ne: shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, shi ne ke ɗaure maka baki in ka tauna goro ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta. Sauran biyun kuwa talakawan inabi ne. Cinsault da Carignan su ne aka cika gonakin kudancin Faransa da na Aljeriya da su don yin giyar leburori mai araha, har ta kai daga 1988 hukumomin Turai suna biyan manoma kuɗi su tumɓuke Carignan daga gonakinsu. Wato kashi biyu cikin uku na wannan giya daga inabin da Turai ta raina ne. A Bika'a, inda itatuwan suka tsufa kuma ba a yi musu ban-ruwa, 'ya'yan kaɗan suke yi amma masu ƙarfi. Cinsault ke kawo laushi da ƙamshi, Carignan ke kawo tsami da ɗan yaji-yaji.

Bayan an matse, ba a zuba yis na kanti. Ana barin wanda ke jikin ɓawon inabin da cikin iskar ɗakin ya yi aikinsa, kamar dai yadda ƙullun waina ko gasara ke tsami da kansa in ya kwana. A manyan kwamayen siminti ake wannan, sannan a juye a gangunan katakon ok na Faransa shekara guda. Kowane iri daban ake ajiye shi, sai a shekara ta uku ake haɗa su a ɗura a kwalba, ba tare da an tace ba, farar wutar da ake sa wa giya don kashe ƙwayoyin cuta ma kaɗan ake sawa. Daga nan kwalbar ta koma ɗakunan ƙarƙashin dutse ta kwanta. Ba ta fita kasuwa sai ta cika shekara bakwai daga ranar tsinka. Duk wanda ya taɓa kasuwanci ya san abin da ake nufi da a binne jari shekara bakwai, balle a ƙasar da ba ka san abin da gobe za ta haifar ba.

To me ake ji in an buɗe? Masu rubutu a kanta sukan ambaci busasshen ɓaure, da dabino, da zabibi, da kirfa, da kanumfari, da ganyen taba, da jemammiyar fata. Launinta ba ya yin duhu sosai, in ta tsufa sai ya koma ja-ja kamar na bulo. Har nan babu gardama. Gardamar tana kan abu biyu da ke biye da waɗannan.

Na farko wani tsami ne mai tashi zuwa hanci. In iska ta sami giya, wasu ƙwayoyin halitta sukan juya ɗan abin da ke cikinta ya koma ruwan khal, har a riƙa jin wani ƙauri-ƙauri kamar na maganin goge jan farce. Kowace giya tana da ɗigon wannan, amma a makarantun koyon sana'ar ana koyar da shi ne a babin aibobi, kuma na Musar ya fi na yawancin giyoyi fitowa fili. Na biyu wani irin yis ne mai suna Brettanomyces, wanda ke zama a gangunan katako, yana haifar da wari kamar na bargar doki, ko gumin sirdi, wasu ma su ce kamar filastar asibiti. A manyan kamfanonin Ostareliya da Amurka in aka ji wannan a ganga, kwana ake ana wanki.

Ni dai abin da ya fi sauƙaƙa mini fahimtar rigimar nan shi ne daddawa. Ka ba wanda bai san ta ba ya shaƙa, zai rantse maka ruɓaɓɓen abu ne, kuma a ilmance bai yi ƙarya ba, ruɓar da kalwa aka yi. Amma miyar kuka babu daddawa ai sai a ce ruwa aka kaɗa. Sannan kowace uwargida ta san akwai iyaka, in ta yi yawa ta kashe miyar. Masu son Musar cewa suke tsamin nan shi ke ɗaga ƙamshin ya hana zaƙin rana ya yi wa giyar nauyi, warin bargar kuma shi ke ba ta zurfi. Masu sukarta cewa suke an dai sa wa ƙazanta rawani. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne tunda ba a tace ta, giyar tana ci gaba da canzawa a cikin kwalba, ta yadda kwalba biyu na shekara ɗaya sukan fito da hali daban, wannan shekara kuma ba ta kama da waccan ko kaɗan. Don haka mai yabo da mai suka kowa yana iya kasancewa da gaskiyarsa a kan kwalbar da ta faɗo hannunsa. Serge bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin kunya ba. Shi a wurinsa giyar da ke fitowa iri ɗaya kowace shekara matacciya ce.

Farar giyar gidan ma ta fi jar ban mamaki, kuma ita ce ta fi zama 'yar ƙasa. Daga irin inabi biyu na asalin Labanan ake yin ta, Obaideh da Merwah, waɗanda a da arak aka fi yi da su. Itatuwan tsofaffi ne, suna can saman duwatsu sama da inda jan inabin yake, kuma a kan saiwarsu ta asali suke tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai suna filoksera ya cinye saiwoyin inabin Turai, har ya zama kusan duk inabin duniya a yau aure ake yi masa da saiwar inabin Amurka kafin ya rayu. An daɗe ana yaɗa cewa Obaideh ce kakar Chardonnay, shahararren farin inabin Faransa, wai mayaƙan Salibiyya ne suka tafi da ita. Labarin yana da daɗi, sai dai binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 1999 ya nuna iyayen Chardonnay su ne Pinot da Gouais Blanc, kuma a gonakin Faransa aka haɗa su. Ita wannan farar giya launin zinare gare ta, ana jin zuma da gasasshiyar gyaɗa da ɓawon lemo a ƙamshinta, amma a baki babu zaƙi. Saɓanin sauran fararen giya da ake sha da sanyi ƙarara tun suna sababbi, gidan yana ba da shawarar a bar ta ta huce, a juye ta a wani mazubi ta sha iska, kuma takan yi shekaru talatin ko fiye ba ta gaji ba.

Yanzu mu koma kan hanyar nan ta kilomita 70. A ranar 13 ga Afrilu 1975 yaƙin basasa ya ɓarke a Labanan, bai lafa ba sai 1990, bayan ya ci rayukan da ake ƙiyastawa tsakanin 120,000 zuwa 150,000. Ƙasar ta tsattsage gida-gida. Gazir tana yankin Kiristoci Maroniyawa, Bika'a kuwa sojojin Siriya suka shige ta a 1976, sannan a 1982 Isra'ila ta mamaye kudancin ƙasar har zuwa kudancin kwarin, inda ta gwabza da Siriya a ƙasa da sama. Gonakin Musar suka wayi gari a bakin daga. Tsakaninsu da matsar kuwa shingaye ne na ƙungiyoyi barkatai, kowane da tutarsa da tambayarsa, a zamanin da katin shaida mai nuna addinin mutum kan iya zama sanadin ajalinsa.

Inabi kuma ba ya jira. In an tsinke shi da sassafe aka kai cikin awa biyu ko uku, lafiya lau. In ya yini a bayan mota cikin rana, na ƙasa ya fashe saboda nauyin na sama, ruwan ya fara tsima tun a hanya, ƙwayoyin khal su samu abin da suke so. A 1976 babu wuta, babu mai, babu hanya, gidan bai yi giya ba ko kwalba ɗaya. A 1984 aka yi ta zagaye da motocin har kusan mako guda kafin su iso, inabin ya riga ya fara tafasa. Serge ya matse shi duk da haka, ya ga abin da ya fito ba na sayarwa ba ne, ya ajiye. Sai bayan kimanin shekara talatin aka fito da ita, ta koma wata aba mai zaƙi-zaƙi da ba ta kama da sauran 'yan uwanta. Ban da waɗannan biyu, duk sauran shekarun yaƙin an yi giya an sayar. Ta 1992, wadda aka ƙi fitarwa da sunan gidan, yaƙi ya riga ya ƙare; inabin shekarar ne bai yi ƙarfi ba.

Kafin yaƙi kusan duk abin da gidan ke yi a cikin Labanan ake shanye shi. Da otal-otal suka ƙone, masu kuɗi suka gudu, kasuwar ta mutu. Dole ta sa 'yan uwan biyu suka ɗauki kwalabe suka nufi Ingila. A bikin baje kolin giya na Bristol a 1979, Michael Broadbent, shugaban sashen gwanjon giya na kamfanin Christie's, tare da ɗan jarida Roger Voss, suka ɗanɗana ta 1967 suka ce ita ce babban abin da aka gano a bikin. Broadbent ya rubuta a mujallar Decanter, kuma a wancan zamani in ya yi magana Ingila takan saurara. A shekarar gidan ya buɗe ofis a can. A 1984 mujallar ta ƙirƙiro lambar gwarzon shekara, kuma wanda aka fara ba shi ne Serge Hochar, ba wani daga Bordeaux ko Burgundy ba. Kafin yaƙin ya ƙare lissafi ya juye, kusan duk giyar waje take fita.

A nan ne nake da ja da yadda ake ba da labarin. Marubutan Turai sun so wannan labari ƙwarai, kuma Serge, wanda mutum ne mai baki da iya zance, bai hana su ba. Marubuciyar nan ta Amurka Elizabeth Gilbert ta ba da labari a mujallar GQ a 2004 cewa wata rana a 1990, ana ruwan bama-bamai a unguwarsu a Bairut, ya ƙi sauka maɓoya, ya buɗe kwalbar 1972 ya zauna yana kurɓa a hankali har awa goma sha biyu yana lura da yadda take canzawa. Daga irin wannan sai aka fara rubuta cewa wai yaƙin ake ji a cikin kwalbar, tsamin nan da warin nan hayaƙin Bairut ne. Wannan zance ne na masu talla. Kwalbar da ta burge Broadbent ta 1967 ce, shekara takwas kafin a harba harsashin farko, kuma giyar da aka yi bayan 1990, cikin zaman lafiya, tana da halin nan dai. Ɗanɗanon daga rana yake, da irin inabin, da doguwar hanya, da shawarar mutum ɗaya cewa ba zai tace ba. Abin da yaƙi ya yi shi ne ya kore ta daga gida ya kai ta inda za a ji ta, ya kuma ba ta labarin da ke sa mai saye ya yi mata uzurin da ba zai yi wa wata ba. Ina da yaƙinin da wani ƙauyen Faransa ne ya fito da giya mai wannan tsami a 1979, da yawa cikin masu yabon da sun kira shi aibi.

Abu na biyu da ke damuna ya fi wannan nauyi. Duk inda ka karanta tarihin nan, jarumtakar mutum ɗaya ake faɗa. Ban raina ta ba. Ya zauna lokacin da masu hali irinsa suka tafi, kuma ɗakunan ajiyarsa sun zama maɓoyar mutanen gari in ana luguden wuta. Amma ba shi ke sunkuye a gona ana harbi ta samansa ba, ba shi ke riƙe da sitiyari a gaban shinge ba. Inabin Musar Larabawan ƙauye makiyaya ne ke tsinkarsa da hannu, daga Agusta zuwa Oktoba, akasarinsu Musulmi, mata da yawa a cikinsu, mutanen da galibi ba za su taɓa kai abin da ake yi da shi bakinsu ba. Direbobin da suka kwana biyar a hanya da lodin da ke tsiyaya su ma da iyalansu. Lambar yabo ta tafi Gazir, su kuwa ko a takardar jikin kwalba babu su. Mu da muka san 'yan Kwara a Kano, daga zamanin dalar gyaɗa zuwa kantunan titin Beirut, mun san wannan tsari: sunan mai kanti ake tunawa, na ɗan dako ya bi iska. Haka tarihin kasuwanci yake a ko'ina, sai dai a nan farashin dakon rai ne.

Bayan yaƙi abubuwa sun canza. Gidajen giya a Labanan, waɗanda a 1990 ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, suka ƙaru zuwa gommai, da yawansu suka ɗauko masana daga Faransa suna yin giya mai tsafta, mai duhu, mai ƙamshin sabon katako, irin wadda ɗan Amurkan nan Robert Parker ya riƙa ba maki mai yawa a ma'auninsa na ɗari. Wasunsu ma sukan yi ƙorafin cewa Musar ta sa duniya na zaton duk giyar Labanan haka take wari. Gidan bai sauya uwar giyarsa ba, sai dai ya yi wa kasuwa rangwame ta wata ƙofar: akwai Hochar Père et Fils, wadda ba ta daɗewa a ajiye kamar babbar, sannan daga 2007 akwai Musar Jeune, wadda ba ta shiga gangar katako sam, ana shan ta tana sabuwa, ɗanɗanon 'ya'yan itace ne a gaba. Waɗannan su ke kawo kuɗin cefane yayin da babbar ke barci. Har yau abin da gidan ke fitarwa a shekara bai kai kwalba miliyan ɗaya ba, Ksara ta ninka shi.

Sai kuma zamani ya zagayo ya same shi inda yake tsaye. Daga shekarun 2000 aka sami wasu matasa a Faris da Landan da New York masu neman giyar da ba a sa mata hannu ba, babu yis na kanti, babu tacewa, suka ɗauki Serge kamar kakansu, alhali shi yana wannan tun kafin a haifi yawancinsu. Ya rasu ranar 31 ga Disamba 2014, yana iyo a teku a Akapulko ta ƙasar Meziko inda ya je hutu da iyalinsa, yana da shekara 75. 'Ya'yansa Gaston da Marc, da Ralph ɗan ƙanensa, su suka ci gaba, tare da Tarek Sakr, wanda ke aikin matsar tun 1991. A hannunsu kuɗin Labanan ya karye a 2019, tashar jiragen ruwan Bairut ta fashe ranar 4 ga Agusta 2020 daidai lokacin da kaka ke kamawa, sannan a 2024 jiragen Isra'ila suka sake ruwan wuta a Bika'a. Matsar tana nan Gazir, gonakin suna nan bayan dutse, motoci na hayewa da lodi duk Satumba. Inabin da aka tsinka a makonnin da suka biyo bayan fashewar tashar, bisa lissafin gidan na shekara bakwai, 2027 ce shekarar fitarsa.